Ƙwayar Ranar Aiki

Ina kan bencin asibiti, ina jiran babban ma'aikatan in kai ƙarar ma'aikacin da ya daka min tsawa kamar shi ya haife ni, sai na ji wani ɗan dako da wata dattijuwa suna zance.

"Inna, ƙwayar nan kashe min zuciya take yi. Bugun ya ragu."

"Ai aikinta ke nan, ɗana. Haka likita ya ce wa maigidana: zuciya sai ta cika da jini kafin ta tura. In tana gaggawa, rabin guga take ɗebowa. Gara a hankali, kowane bugu cike."

"A zaune ke nan. In na saɓa buhu, jiki yana neman ƙarin jini, ƙwayar kuma ta hana ta sauri. Shi ya sa ranar aiki ba na sha."

"Ka gaya wa likita?"

"Ya ce in bar dako? Yara su ci me?"

"Faɗa masa dai, ko ya canza maka. Maigidan ma ranar aiki yake tsallakewa."

"Yanzu ya jikin nasa?"

Ta gyara mayafi. "Allah ya ji ƙansa. A bakin aikin ya faɗi."