Rantsuwar Uwar Majinyaci

A bencin jira na ɗakin masu ciwon zuciya, mai wankin asibiti ta dire bokiti kusa da wata tsohuwa.

"Iya, mutumin can da ke kwance a ciki jini yake zubarwa ta hanci da dasashi, tun da aka ba shi maganin tsinka jini. Likita ya tambayi uwarsa ko akwai ciwon zubar jini a danginsu, ta rantse babu."

Tsohuwa ta ƙura wa jan ruwan bokitin ido.

"'Yar nan, 'ya'yansa mata huɗu. In ta ce akwai, wa zai aure su?"

"Au, kin san ta?"

"Ni na haife shi. Haka jinin ƙannena biyu ya tsiyaye suka mutu a cinyata, muka ce mayu ne." Ta lalubi sandarta. "Zo ki nuna mini likitan."