Kwalaye Huɗu da Na Ƙona

Ranar Litinin da safe na shiga ajin ƙananan yara da tsintsiyata, sai na ga waken da ke kan taga ya langaɓe. Gwangwani goma sha tara ne, kowanne da sunan yaro a jikinsa, duk ƙasar cikinsu ta bushe. Malama ba ta taɓa bari Asabar da Lahadi su wuce ba ta leƙo ta ba su ruwa ba. Na tsaya riƙe da tsintsiya. Kafin maigadi ya ƙaraso ya ce min ta rasu jiya a asibiti, na riga na sani.

Ku gafarce ni, na fara magana ban yi gaisuwa ba. Ban saba tsayuwa gaban mutane ba.

Ina gaishe da mai makaranta. Ina gaishe da shugabar makaranta, da shugaban ƙungiyar iyaye, da malamai maza da mata. Ina gaishe da Mama, mahaifiyar Malama, da maigidanta, da 'ya'yanta uku. Iyayen yara da maƙwabta, sannunku da zuwa, sannunmu da rashi.

Ni ce mai sharar makarantar nan, shekara goma sha ɗaya ke nan. Karatuna bai wuce aji biyar na firamare ba. An zaɓe ni in yi magana don kowa yana ganin ni ce na fi kusa da ita. Gaskiya ne. Amma ba ku san yadda kusancin ya fara ba, kuma yau zan faɗa.

Ta kasance mace mai bin yanayi kamar manomi. Idan damina ta sauka, sai ta cire wa yara takalma ta fita da su filin baya su murza laka, su yi tukwane da motoci da shanu masu ƙafa uku. Idan kaka ta yi, ta zo da ƙwayar masara da wake da gyaɗa a faranti ɗaya, ta ce kowa ya ware da yatsa biyu. Lokacin sanyi suna zaune a rana suna zira murafun kwalba a zare. Da bazara ta ajiye baho biyu a gindin bishiya, ɗaya da ruwa ɗaya babu, ta ba su soso su kwashe ruwan daga wannan zuwa wancan. A haka suke koyon ƙirga, da jiran layi, da cewa “ba ni” da “ungo”.

Ta kasance mai haƙurin bayani. Na taɓa ce mata, “Malama, ke da yaranki kun haɗa baki da mai sayar da tsintsiya ne? Wata ɗaya na cinye uku.”

Ta yi dariya ta ce, “Iya, ni ina ɓatawa ke kina gyarawa, ai mun dace.” Sai ta kama hannun jikata, wadda ke ajin a lokacin, ta nuna min. “Dubi yatsun nan. Ki ba ta fensir yau, ke da ita duk kuka za ku yi. Bari ta murza laka tukuna, hannun ya yi ƙarfi.”

Jikar nan tawa ko cokali ba ta iya riƙewa da kyau, magana ma sai da nuni. Kafin damina ta ɗauke, ta dawo gida da wani dunƙulen laka ta ce min, “Kaka, kaza ce, tana kwance.” Ban taɓa jin ta haɗa magana mai tsawon haka ba. Yanzu tana aji uku, malaminta yana yabon rubutunta.

Ta kasance tana yi mana wannan aiki, mu kuwa muna ƙorafi. Mu iyaye mun ce mun kawo yara karatu ne ko noma. Mun ce riga fara ta koma ja. Mun buɗe jakar yaro ba mu ga littafi cike da A da B ba, mun ce ba a koyar da komai. A taron iyaye wani ya kira ta Malamar Taɓo, muka yi dariya, sunan ya bi ta. Ina bakin ƙofa ranar, ni ma na yi dariyar.

To ga abin da na yi.

Shekara biyu da suka wuce aka ce masu duba makarantu za su zo. Shugaba ta ce min in share ko'ina, kada a ga datti. A bayan ajin Malama akwai kwalaye huɗu. Na buɗe, na ga busassun ganye, da tsakuwa, da tsummoki, da murafun kwalba, da abubuwan laka da yara suka yi, da takardu masu shaidar tafin hannu. A jikin kowane kwali an rubuta da babban baƙi: damina, kaka, sanyi, bazara. A ƙasan kowane abu akwai sunan yaro da kwanan wata. Aikin shekara uku ne, wanda ke nuna yadda hannun kowane yaro ya fara da yadda ya kai.

Na kwashe su na kai bayan bayi na cinna musu wuta.

Da aka tambaye ni daga baya, na ce ban sani ba, shara kawai na ƙona. Ƙarya na yi. Aji biyar na yi, na iya karanta damina. Na karanta da idona. Na gaji ne da goge taɓo, bayana yana ciwo, na ce a raina bari in huta.

Washegari masu dubawa suka shiga ajinta. Suka ce ina littattafan yara, ta ce yaranta da hannu suke koyo, bari ta nuna musu. Ta juya bayan aji, ba komai sai bango da na goge tas. Ina tsaye a taga da bokiti. Ta dubi wurin, ta dube ni sau ɗaya, sai ta ce musu, “Ku yi haƙuri, sakacina ne, ban adana su da kyau ba.”

Suka rubuta cewa ajin ba shi da abin nunawa. Daga ranar aka hana fita da yara filin baya, aka sa wa ƙofar kwaɗo, aka ce ta tsaya gaban allo kamar kowa. Mu iyaye muka ce madalla.

Da aka tashi na zagaya bayan bayi in kwashe toka, sai na tarar da ita a tsugune tana tona tokar da tsinke. Murafun kwalba ba sa ƙonewa. Tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, baƙi ƙirin, tana zubawa a gefen mayafinta. Ta ɗago kai ta ce, “Iya, waɗannan za su yi, wanki kawai suke so. In kin ga wasu wurin shara, ki riƙa ajiye min.”

Abin da ta faɗa ke nan, ba ta ƙara ba har ta koma ga Allah. Daga ranar na zama mai tara mata kaya. Kun sha ganin mu tare muna wanke murafu, kuna cewa uwa da 'ya. Kullum ina cewa gobe zan roƙe ta gafara, gobe zan je ofis in faɗi gaskiya. Shekara biyu ina cewa gobe.

Ta kasance ba ta fasa ba. Da aka rufe mata fili, ta shigo da damina cikin gwangwani. Kowane yaro ya cika nasa da ƙasa, ya tura ƙwayar wake da ɗan yatsa, yana auna tsayinsa da tsinke kowace safiya. Bana ta roƙi a buɗe filin ko na rana ɗaya, yara su dasa waken da hannunsu. Aka ce mata za a duba.

Mama, 'yarki ba ta yi sakaci ba. Ba ta taɓa yi ba. Idan kin ji an ce ta zubar da aikinta, ni ce na ƙona shi. Maigida, na san ta koma gida ranar da baƙin ciki, kai ka gani, wataƙila ba ta faɗa maka dalili ba. Ga dalilin tsaye a gabanka. Ku 'ya'yanta, sunan da muka sa wa mahaifiyarku don ba'a, ku riƙe shi da daraja. Yara da yawa a ɗakin nan sun iya riƙe alƙalami ne saboda taɓon nan. Ita ba ta nan balle ta yafe min, shi ya sa nake roƙonku.

Shugaba, ranki ya daɗe, ba laifinki ba ne, abin da aka gaya miki kika yi aiki da shi. Yanzu kin ji gaskiya. Idan aikina ne zai tafi, ban yi musu ba. Abu ɗaya nake roƙo: a cire kwaɗon. Taɓon da za su shigo da shi, ni zan goge, ba za ki ji bakina ba.

Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, na gode da kuka saurari mai shara har ta gama. Allah ya jiƙan Malama, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta. Allah ya ba Mama da maigida haƙuri, ya raya abin da ta bari. Mu da muka yi mata dariya, Allah ya yafe mana.

Tun ranar Litinin ɗin nan ni ke ba wa waken ruwa. Biyu sun mutu, goma sha bakwai sun farfaɗo, saiwarsu ta fara leƙowa ta ƙasan gwangwani. Yara suna tambayata yaushe za a dasa. Ba a dasa ba, kuma ƙofar filin tana nan a kulle.