Ruwan da Ya Tsayar da Kofin Rani

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Manoman Rani ta Kanya da Gora, masu unguwanninmu biyu, Allah ya ƙara muku lafiya, limamanmu, wakilin ƙaramar hukuma da ya taso daga Bunkure, Ardo Hammadu da jama'arsa, iyayenmu mata da ke zaune a bayan rumfa, tsofaffin 'yan wasa, 'yan'uwana matasa, assalamu alaikum.

Sunana Abdulrauf Bilya, daga Kanya. Wata huɗu ke nan da na gama karatun aikin ban-ruwa, ina jiran kiran bautar ƙasa. Ban taɓa tsayawa gaban taro irin wannan ba, saboda haka na rubuta komai, kuma karantawa zan yi. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni minti goma sha biyar. Ina godiya ga mutum ashirin da uku da suka zauna da ni cikin mako bakwai suka ba ni labari.

Batu na huɗu a ajandar yau shi ne a yanka filin ƙwallon da ke tsakanin garuruwanmu a raba shi gonaki. Na auna shi sau biyu: tsawonsa mita casa'in da takwas, faɗinsa mita sittin da ɗaya. Zai ba da gona shida, matasan da ke jiran gona kuwa arba'in ne da ɗaya. Kwamitin tsofaffin 'yan wasa, ƙarƙashin Baba Amiru, tsohon kyaftin na Kanya, shi ya ɗora mini tattara tarihin filin, in zo in roƙe ku ku bar shi. Zan roƙe ku. Amma sai na faɗi abin da na samu tukuna.

Na farko, abin da filin ya kasance.

Daga shekarar 1983 zuwa 1996 an buga Kofin Rani a kansa sau goma sha huɗu. Ƙauyuka takwas ne ke shiga, wasu daga ɓangaren Kura, wasu daga ɓangaren Bunkure, sau biyu kuma an zo daga Madobi a bayan akori-kura. Ranar Asabar ake bugawa, kuma ba haka kawai aka zaɓe ta ba: ita ce ranar da ba a sakar wa sashenmu ruwa, ita ce ranar da manomi zai ajiye fartanya bai yi asarar komai ba. Turakun gola na darbejiya ne. Ragar kuwa, Inna Indo ta gaya mini ita da mata uku suka ɗinka ta da buhunan albasa. Ciyawar filin shanun Ardo ne ke aske ta da damina, sai 'yan wasa su kwashe kashin shanun su kai gonakinsu.

Akwai wata doka da ban same ta a kowane littafin ƙwallo ba. Idan ƙwallo ta faɗa kanal, wato magudanar ban-ruwa, ba a tambayar wa ya fitar da ita. Wanda ya faɗa ruwa ya ɗauko ta, ƙungiyarsa ce ke da jifa. Na zauna da Baba Sagiru na Gora da Baba Nasiru na Kanya, kowa daban, domin sun ƙi zama tare. Baba Sagiru ya ce mini, "Je ka tambayi Nasiru sau nawa na riga shi faɗawa ruwa. Mutumin da sai ya tsaya tuɓe riga!" Da na kai wa Baba Nasiru, sai ya ce, "Ai shi ba ƙwallo yake zuwa bugawa ba, wanka yake zuwa. Duk Gora ba wanda ya kai shi tsabta ranar Asabar." Kowannensu ya yi dariya har da hawaye. Tsakanin gidajensu tafiyar minti goma sha biyu ce, amma ni ne nake kai musu saƙon juna.

Na biyu, abin da muke da shi yau.

A garuruwan nan biyu akwai gidan kallon ƙwallo uku. Asabar da ta wuce, da ƙarfe huɗu na yamma, na ƙirga mutum ɗari da goma sha biyu a cikinsu. A filin kuma na ƙirga mutum tara. Ba zan zargi kowa ba, domin ni ma akwai ƙungiyar Turai da ke hana ni cin abinci idan aka ci ta. Ba kuma zan ce ƙwallon iyayenmu ta fi ta yanzu gwaninta ba, domin ban gani ba, kuma su da kansu sun ce mini wani lokacin ƙafa ake bi ba ƙwallo ba. Bambancin da na gano guda ne. Ɗan wasan da muke yi wa ihu yau bai san akwai Kanya a duniya ba. Na wancan lokacin kuwa, wanda ya taka ka ranar Asabar, da shi za ka tsaya ranar Litinin a bakin kanal ɗaya kuna jiran ruwa ɗaya. Dole ku gaisa. Dole ku shirya.

Tsofaffi da yawa sun ce mini gidan kallo ne ya kashe Kofin Rani. Na bincika. An buɗe gidan kallo na farko a nan a shekarar 2004. Kofin Rani ya mutu a 1996. Shekara takwas ne tsakani. Ba talabijin ce ta kashe shi ba.

Na uku, abin da ya kashe shi.

Baba Amiru ya karanta wannan shafin shekaranjiya, ya ce mini, "Abdulrauf, aikin da muka sa ka ka gama shi a shafi na biyu. Wannan ka bar shi a gida." Baba, ku yi mini afuwa, na zo da shi.

Ranar Asabar, tara ga Maris, 1996, aka buga wasan ƙarshe tsakanin Kanya da Gora. Kanya na gaba da ci ɗaya da nema. A minti na hamsin da tara ruwa ya shigo fili, kafin kwatan awa ya kai idon sawu. Mai tsaron ƙofar ruwa a lokacin shi ne Malam Ɗanbaba, mutumin Gora, ga shi can zaune a layi na uku. Mutanen Kanya suka ce shi ya buɗe ƙofa don kada a ci garinsu. Aka ɗauko sanduna. An karya wa Baba Sagiru hannu, mutum biyar sun ji rauni. Cikin wata guda aka karɓe makullin ƙofa daga hannun Malam Ɗanbaba. Kanya ta tafi da kofin, ba a sake buga gasar ba. Aka kuma laƙaba masa wani suna da ba zan maimaita ba. Kun san shi. Na taso ina jin yara na rera shi, ni ma na rera.

Na tambayi duk wanda ya ga abin da idonsa tambaya ɗaya: ta ina ruwan ya fara shigowa? Mutum goma sha ɗaya ne suka tuna. Tara sun ce ta kusurwar arewa, bayan golar Kanya. Biyu sun ce ba su da tabbas. Babu ko ɗaya da ya ce ta kudu. Ƙofar da Malam Ɗanbaba ke tsaro a kudu take. Na aro na'urar awon ƙasa na auna: bakin kanal ɗin kudu ya yi ƙasa da tsakiyar fili da santimita arba'in da biyu. Ko da ya buɗe ƙofar gaba ɗaya ya tafi gida, ruwan gangarawa zai yi cikin shinkafa, ba zai hau filin ba. Na maimaita awon rana uku daban-daban, domin na so a ce ni na yi kuskure.

A arewa akwai ƙaramin kanal. Ranar Asabar ruwa na wucewa ta cikinsa zuwa sashen da ke gabanmu, ba namu ba ne, ba mu da ikon taɓa shi. Gona ɗaya ce tak ke tsakanin wannan kanal da kusurwar fili. Gonar mahaifina ce. Shi ne kuma golan Kanya a ranar.

Baba Amiru, don Allah ku zauna. Saura kaɗan. Jama'a, ina roƙonku, ku bar ni in ƙarasa.

Kun san mahaifina yana kwance shekara biyu, ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa sai Iya, mahaifiyata, ce ke gane ta sosai. Na kwana huɗu ina riƙe da awon nan ban shiga ɗakinsa da shi ba. Ranar da na shiga, ban gama bayani ba ya ɗaga yatsu uku. Iya ta ce, "Buhu uku yake nufi." Ta san maganar tun shekarar da abin ya faru.

Ga yadda aka yi. Alkamarsa na buƙatar ruwan ƙarshe, ganyen ya fara naɗewa, ranar ruwansa kuma sai Talata. Da azahar, da ya ga kowa ya tafi fili, sai ya cika buhun taki uku da ƙasa ya toshe kanal ɗin, don ruwa ya tashi ya shiga gonarsa. Duk manomin da ke wurin nan ya san wannan aikin, ba sai na bayyana ba. Rabin awa ya yi niyya. Sai aka aiko masa cewa Gora sun iso, ana jiran gola. Ya ruga fili da niyyar dawowa idan an tafi hutun rabin lokaci. A hutun ana ta ɗaga shi sama don ya kama fenariti. Ya manta. Ruwan ya taru fiye da awa biyu, ya fasa gefen kanal. Ya ce da ya ji sanyi a dugadugansa yana tsaye a gola, nan take ya san ruwan wane ne. Ya ga an nufi Malam Ɗanbaba da sanduna, bai buɗe baki ba.

Daga ɗakinsa na tafi Gora. Na sami Malam Ɗanbaba yana gyaran igiya a ƙofar gida. Na fara magana, sai ya ce, "Kai ne ɗan Bilya? Zauna, ka sha ruwa. Buhunan babanka ka zo tambaya?" Na zauna. Ya ce, "Ni na cire su. Da na kuɓuta daga hannun mutane na zaga arewa in ga inda ya fashe. Sunansa na jikin kowanne, da jan fenti, yadda kowa ke rubutawa don kada a musanya masa. Na zazzage ƙasar na tafi da su gida."

Na ce, "Malam, me ya hana ku faɗa?"

Ya ce, "Ka ga mutane ranar? Ni an ce na yi wa garina aiki, duka kawai zan sha. Shi kuwa ya ɓata wa garinsa wasan da yake kan ci, ga satar ruwa a kai. Washegari kuma sunan yayarka Halimatu Sa'adiyya. Na ce bari a yi suna tukuna, shi zai zo da kansa." Ya ci gaba da murza igiyarsa, sannan ya ce, "To, bai samu zuwa ba."

Shekara ashirin da tara da wata takwas ke nan.

Malam Ɗanbaba ya roƙe ni kada in faɗi wannan a taro. Ya ce mutumin da ke kwance ba a tayar masa da magana. Malam, na saɓa muku, ku yafe mini. Na koma na gaya wa mahaifina abin da kuka ce, ya daɗe yana kuka, sannan ya faɗi kalma biyu da ban nemi Iya ta fassara mini ba: "Ka faɗa."

Na huɗu, roƙona.

Na san abin da na yi na iya jawo a rasa filin. Wasu daga Kanya da suka zo da niyyar ɗaga hannu su kare shi, wataƙila yanzu ba za su ɗaga ba. Wasu daga Gora kuma suna da haƙƙin su ce a nome shi a huta. Matasa shida da za su sami gona ba ƙaramin abu ba ne, biyu daga cikin masu jira abokaina ne. Idan kuka yanke a raba, ni zan riƙe igiyar awo, kuma zan auna daidai. Amma ban iya in tsaya nan in ce a bar fili saboda zumuncin shekarun baya, alhali na san abin da ya raba zumuncin yana cikin ɗakinmu.

Ina roƙon abu uku. A dakatar da raba filin rani ɗaya kawai, a gwada gasar, ko da ƙauye huɗu ne, ranar Asabar. Idan rani ya ƙare ba a taru ba, a yanka. A ɗauko kofin daga Kanya a damƙa wa wannan ƙungiya, domin ba wanda ya ci shi, saura minti talatin da ɗaya a wasan. Na uku kuma shi ne wanda ko an ƙi sauran nake roƙon kada a ƙi: a rubuta a littafin taron yau, a kuma karanta a masallatan garuruwan biyu, cewa Malam Ɗanbaba bai buɗe ƙofa ba. Wancan sunan ya tsaya daga yau. Idan dole sai wani gida ya ɗauke shi, gidanmu ne.

Malam Ɗanbaba, mahaifina ba zai iya takowa ba. Ya ce in durƙusa a madadinsa a gaban jama'a, in nemi gafararku, da ta Baba Sagiru, da ta duk wanda sanda ta taɓa ranar. Da na sauka daga nan wurinku zan zo. Ba dole ne ku amsa yau ba.

Allah ya yafe wa iyayenmu, masu rai da waɗanda suka rigaye mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya saka wa wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa da mafificin alheri. Allah ya sa ruwan bana ya kai har gonar ƙarshe ba tare da an toshe wa kowa ba, ya sa abin da za ku yanke ya zama alheri ga Kanya da Gora, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.