Golan Bakura da Surukinsa

A tashar Talata Mafara, muna jiran motar Bakura ta cika, na lura yatsu biyu na dattijon da ke gefena a karkace suke. Wani mai hular kwano, ma'aikacin madatsar Bakolori, ya zauna kusa da shi. Bayan doguwar gaisuwa ya ce:

"Baba, Bakura za ka? Ka gaishe min da tsofaffin 'yan ƙwallonku. Sabon kocinsu abokina ne, har ya rame."

"Mi suka yi mai?"

"Samari duk sun taho aikin dam, an bar mai masu furfura. Golan ma, Ɗanasabe, mai tsaron bayansu ne ke auren 'yarsa. In ƙwallo ta taho, gola ba ya iya yi wa suruki tsawa, suruki ba ya iya ɗaga ido ya dube shi. Suna ta jin kunyar juna, ƙwallo na shigewa. Biyar Maradun ta zuba musu."

"Huɗu ne. Ta biyar ɗin da hannu aka ci."

"To, huɗu. Koci dai ya ce ɗayansu zai tafi."

"Yaron zai cire ke nan. Shekara ashirin da biyu ina... yana tsaron ragar nan."

"Golan zai cire, Baba. Har ya samo wani direban tifa da zai maye gurbinsa. Sati guda ke nan an rasa mai gaya wa tsohon. Aka ce surukin ya je, shi kuwa ya ce gara a kore shi."

Ɗan kamasho ya kira mutanen Bakura. Dattijon ya ɗauki jakarsa, bai shiga motar ba, ya bi hanyar kasuwa.