Hoton da Na Yanke wa Kai

Iyaye da 'yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Salamarsa ta zauna a ɗakin nan.

Sunana Ishaya. Kun san ni da farar riga a goge, ina karanta Littafi ranar Lahadi. To yau za ku san ɗaya Ishayan. Tun jiya nake jin tashin zuciya in na tuna abin da zan faɗa, amma matata Rifkatu ta ce ko da amai ne sai na faɗa, ga ta nan zaune tana harara ta.

Ni ɗan Tudun Ƙirya ne, wani ɗan ƙauye a arewacin Najeriya da ko direban tasha sai ya yi tambaya kafin ya kai ka. Hausawa ne mu, Katolika tun kakanni. Coci ne ya haifi garin. Wani Fada Bature ne ya riƙa zuwa a kan keke yana koyarwa a gindin wata ƙirya, sai gidaje kaɗan suka taso daga gonakinsu suka yi bukkoki kusa da wurin. Har yau ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ce a rataye jikin ƙiryar nan.

Shi ya sa muke da wata al'ada. Dagaci ne yake naɗa mai unguwa, amma dattawan coci ne suke kai masa suna, kuma sunan daga gidan wanda aka fara yi wa baftisma yake fitowa. Gida biyu ne ke cewa su ne na farko, gidan kakana Bulus da gidan Tomas, don rana ɗaya aka yi musu. Dattawanmu na da masu kunya ne, ba su taɓa buɗe littafin baftisma a kan wannan magana ba. Sai suka mai da sarautar karɓa-karɓa, in namu ya yi, na gidan Tomas ya yi.

Babana shi ne katikis. In babu Fada shi ke jan sujada, shi ke buga ƙararrawa, mabuɗin coci da littafin baftisma a hannunsa suke tun ba a haife ni ba. Kafin in taho Malesiya karatu na ga gara ta fara taɓa littafin, sai na ɗauki hotonsa shafi-shafi da wayata, Baba yana riƙe mini. Bayan na taho, ruwan sama ya yi yoyo cikin akwatin, shafin farko ya ruɓe gaba ɗaya. Ya zama duk duniya ni kaɗai ke da shi, a aljihuna, a nan unguwar Danau Kota ta Kuala Lumpur.

Sai korona ta zo. Kun tuna yadda aka kulle mu, mutum ɗaya ke fita kedai, wato kanti, 'yan sanda a kan hanya, Mas, wato sujadar coci, sai a waya. Karatuna ya tsaya cak. A cikin wannan zaman ne mai unguwarmu ya rasu. Ɗan gidanmu ne, don haka layi ya zo kan Yohanna, jikan Tomas, mutumin da bai taɓa yi mini komai ba.

Sai Baffa Luka, ƙanin babana, ya kira ni.

Ya ce, "Ishaya, kai ne ɗan bokonmu. Wannan karɓa-karɓar wauta ce. An ce hoton littafin yana wurinka. Duba mana, in namu ne a sama, hular nan ba za ta bar gidanmu ba."

Na buɗe hoton. Ga rubutun Fadan nan tsaf. Lamba ɗaya, Tomas. Lamba biyu, Bulus.

'Yan'uwa, da na ce masa haka, da magana ta ƙare. Amma me na yi? Na sa yatsu biyu a kan waya na yanke layin sama. Na yanke gefen da lambobi suke. Sunan kakana ya hau kan shafi shi kaɗai. Na tura a gurup ɗin garinmu na WhatsApp, na bi shi da dogon rubutu, har da Turanci, wai tarihi ya yi magana. Minti biyu bai kai ba na share mutum daga baftismarsa. Tir!

Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne na ji daɗi. Ni da nake kwance a kujera da gajeren wando ba aikin fari ba na baƙi, sai ga shi ana kira na Farfesa, ana cewa ɗan Bulus ya tono gaskiya daga ƙasar waje. Kullum wayar tana hannuna. In Rifkatu ta ajiye abinci sai ya huce ina mayar wa wani martani.

Ta ce mini, "Ishaya, ni na ga hoton nan tun muna gida. Ba haka yake ba."

Na ce, "Ke ba 'yar garin ba ce, ki bar shi kawai."

Ta ce, "To Allah ɗan garin ne."

Gari ya kama da wuta. Mutanen gidan Tomas suka ce a nuna cikakken shafi. Na ce iyakar abin da ya fito ke nan. Suka tafi wurin Baba a buɗe littafi, suka tarar ba shafin farko. Shi ke nan, sai suka ce katikis ne ya yage shi don kada a kama ɗansa. Matan zumuntar coci da suke waƙa da baki ɗaya suka rabu benci biyu. Mutanen da suka ci Jikin Ubangiji daga hannu ɗaya suka daina gaisawa a rijiya. Kuma duk a kan me? Hula ɗaya, da rakiyar dagaci in ya zo duba iyakar gona.

Baba ya kira ni ta wayar ƙanwata Saratu. Muryarsa a sanyaye. Ya ce, "Ishaya, hoton nan, iyakarsa ke nan?"

Na ce, "Iyakarsa ke nan, Baba. Saman bai fito ba."

Ya ce, "To. Allah ya yi maka albarka."

Da dattawa suka zauna a gindin ƙirya, aka tambaye shi. Ya miƙe ya ce shi bai yage komai ba, ruwa ne, amma abin da ya sani shi ne Tomas ne na farko, ubansa Bulus na biyu. A gaban ƙaninsa ya faɗa. Sai gidanmu suka ce ya sayar da su, gidan Tomas kuma suka ce borin kunya yake yi. Ya rasa kowa.

Ni kuwa, ku ji abin da na rubuta a gurup. Na ce a yi wa Baba uzuri, tsufa ya kama shi, ƙwaƙwalwarsa ta fara rikicewa.

Ubana! Mutumin da ya sayar da bijiminsa na noma ya sa ni a jirgi! Ni na ce ya ruɗe, don dai ƙaryata ta tsaya da ƙafafunta. Har hannun addu'a na liƙa a ƙarshen saƙon.

Da maganata aka kama. Kwamitin coci suka ce tunda ɗansa da kansa ya ce ya ruɗe, a karɓi mabuɗi. Suka je har gida suka karɓa. Lokacin Fada ba ya zuwa saboda cutar, Baba ne kaɗai mai tara mutane, sai aka ba wani da ko karatun Hausa yana yi masa gardama. Saratu ta ce ranar Lahadi da aka buga ƙararrawa, Baba ya miƙe ya laluba aljihu, sai ya tuna, ya koma ya zauna. Daga nan ya daina cin abincin kirki. Ciwon ƙafa da hawan jini suka kwantar da shi.

Na ji duk wannan, kuma na ci gaba da durƙusawa gaban waya ina bin Mas, ina dukan ƙirji tare da kowa. Kai, Allah mai haƙuri ne!

Sai cutar ta kama ni. Na rufe kaina a ƙaramin ɗaki, Rifkatu tana ajiye abinci a bakin ƙofa. Hancina ya mutu, bakina ya mutu. Maƙwabciyarmu Maman Sadiya, Bakanuwa, matar wani malamin jami'a, ta rataya mana tuwo da miyar kuka a ƙofa, na ci kamar takarda nake tauna. Numfashi ya fara yi mini wuya. Na fara tunanin in na mutu a nan, wayar za ta kulle da hoton a ciki, Baba kuma ya mutu da sunan mai yage littafin Allah.

Wata ranar da la'asar, ana irin ruwan nan na Kuala Lumpur mai tsawa, saƙon murya ya shigo daga Saratu. Na ɗauka faɗa za ta yi mini. Ashe Baba ne.

Ya ce, "Ishaya, an ce ba ka da lafiya. Allah ya tashi kafaɗunka. Ɗauki biro. Tunda saman naka bai fito ba, zan faɗa maka shafin nan tun ina da numfashi, ka rubuta ka ajiye wa gari. Mutanen nan sun sha wuya kafin su karɓi ruwan nan, bai kamata sunansu ya ɓace a hannuna ba."

Sai ya fara. "Lamba ɗaya, Tomas, ɗan Maigoro, ubangidansa a baftisma malamin da ke yi wa Fada tafinta. Lamba biyu, Bulus, ubana."

Na buɗe cikakken hoton ina bi. Yana faɗa, ina gani. Sunan mutum, sunan ubansa, wanda ya tsaya masa. Yana tari, yana hutawa, yana ci gaba. Har ƙasan shafi, mutum goma sha biyu, bai tsallake ko ɗaya ba, bai sa na baya a gaba ba. Wannan ne tsohon da na ce ya ruɗe!

'Yan'uwa, hancina ba ya jin komai a lokacin, amma na ji warin kaina. Na rarrafa banɗaki na yi amai. Na dawo na faɗi ƙasa a gwiwa, carbin Rosari a hannuna amma na kasa ja. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Yesu, ni ƙazami ne. Ka san abin da na yi. In za ka ɗauke ni, ka ba ni minti biyu tukuna, irin biyun da na yi ɓarnar da su."

Ya ba ni! Wani ƙarfi ya shige ni da ban san daga inda ya zo ba. Na tura cikakken hoton a gurup. Ban rubuta Turanci ba wannan karon, da muryata na yi, ina haki. Na ce ni Ishaya ɗan katikis, ni na yanke hoton da gangan. Tomas ne na farko. Babana bai yage komai ba, bai ruɗe ba, ni ne maƙaryaci. Yohanna, ka yafe mini.

Zagin da na sha ba zai faɗu a ɗakin nan ba, kuma na cancanta. Baffa Luka har yau ba ya ɗaukar wayata. Amma na kira Baba, ina kuka kamar yaron goye, na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Hoton yana wurina tun farko."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Ba ni na riƙe maka shafin ba? Sau biyu ka ɗauka, ka nuna mini ya fito tas."

Na ce, "To me ya sa ba ka tona ni a gaban dattawa ba?"

Ya ce, "In na tona ka, gari zai san gaskiya, amma kai zan rasa ka. Na ce bari in jira Ubangiji ya kawo ka da ƙafarka. Mabuɗi ai ƙarfe ne."

Dagaci ya naɗa Yohanna. Abin da ya fara yi shi ne ya ja kwamiti suka mayar wa Baba mabuɗinsa, suka durƙusa. Lahadin da ta biyo aka riƙo Baba har gindin ƙirya, Saratu ta ɗaga waya, na ji ƙarfen nan ya yi ƙara sau uku a ɗakina na Danau Kota. Ba ƙarfi a bugun, amma na san hannun.

Na warke. Da aka buɗe coci na je na furta zunubina gaban Fada. Baba kuwa wata huɗu ya ƙara. Iyakoki a rufe, ban je ba. Yohanna ne ya fara sa diga a kabarinsa, gidan Tomas da gidan Bulus suka ɗauke shi tare.

Ina gode wa Yesu da ya warkar da huhuna, amma na fi gode masa da bai bar Baba ya tafi da ƙazantar da na shafa masa ba. Da na ƙara wata huɗu ina jin daɗin sunan Farfesa, da yau ba ni da wanda zan roƙa gafara.

Saboda haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka yanke ka ɓoye, kada ka ce nesa kake, ba mai gani. Ka dogara ga Ubangiji ka fito da shi yau, tun wanda ka cuta yana da kunnen jin ka. Ba zai yashe ka ba, ni bai yashe ni ba.

Ga hoton nan a wayata, wanda yake so ya gani in mun tashi. Lamba ɗaya Tomas, lamba biyu Bulus. A gefen ƙasa za ku ga wani babban yatsa mai kantar noma, ya danne shafin don kada iska ta ɗaga shi. Na Baba ne. Ko a wanda na yanke ma yana nan, ban lura ba sai bayan ya rasu.

Yabo ya tabbata ga Yesu. Amin.