Maganin Mai Son Ciki

A ɗakin jiran likita a birnin Multan na Pakistan, Shagufta ta yi tagumi da cikinta na biyar. Tsohuwar da ke gefenta ta ce, "'Yar nan, mijin ne ba ya so?"

"Ina fa, Inna! Sai ina da ciki yake rawar jiki a kaina. Da na haihu, ya koma kallon wasan kurket. Yanzu likita ta ce daga wannan babu ƙari."

Tsohuwar ta shafa ƙaton tumbinta tana dariya. "Nawa ma haka yake. Autana ya shekara talatin, amma gurasar faratha uku da man shanu nake ci kullum, har yau mutumin bai farga cewa tumbi ne kawai ba."

Shagufta ta matso kusa. "Inna, ukun nan, duk da safe?"