Kifin da Ya San Sunan Kowa

Assalamu alaikum, Ustaz. Kun tambaya ko labarin ban dariya na iya ba da tsoro. Wallahi yana iyawa!

Ni mai suyar kifi ce a Jabal Awliya. Rannan Baba Idi, tsohon masunci, ya ba mu labarin wani kifi mai surutu da ke gaida kowa da sunansa. Muka yi ta dariya har da hawaye. Da aka tambayi kifin ina ya san mutane, sai ya ce, "Waɗanda ruwa ya ci ne ke ba ni labarinku."

Muka yi tsit. Mijina ma kogin nan ne ya ci shi.

Ina jinjina wa Baba Idi, gwanin baki. Amma ku ba ni shawara: kwana uku ke nan na kasa sa wa kifi wuƙa.